Soweto, garin da aka gina nesa da gari

Assalamu alaikum, jama'a. Ku dubi taswirar Afirka ta Kudu da kyau. Ga Johannesburg, ga Soweto a kudu maso yammacinsa. Tuddan nan masu launin rawaya da ke tsakaninsu ƙasar da aka tono ce daga ramukan zinariya, tun da aka gano ta a 1886. Idan iskar watan Agusta ta taso, ƙurar tana sauka a tsakar gidajen mutane, a kan shanya, a huhun yara. Da gangan aka zaunar da baƙar fata a bayan wannan juji: ana son ƙarfinsu da safe, ba a son ganinsu da dare.

Mafarin abin annoba ce. A 1904 aka ce cuta ta ɓulla, sai hukuma ta kwashe baƙaƙe daga tsakiyar birni zuwa Klipspruit, kusa da inda ake zubar da ƙazantar gari. Daga baya aka gina musu unguwar Orlando a yankin. Sunan Soweto kuwa sai a 1963 ya samu.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne Sophiatown, wata unguwa a Johannesburg da a da baƙar fata ke da ikon mallakar fili a cikinta. A Fabrairun 1955 'yan sanda suka iso da manyan motoci da asuba, aka loda mutane da tukwanensu da katifunsu zuwa Meadowlands, aka rushe gidajen, aka ba farar fata wurin. A Meadowlands ɗin, cikin Soweto, aka jera musu ƙananan gidaje iri ɗaya, waɗanda mutane suka kira kwalin ashana. Tashar wutar Orlando tana cikin Soweto, amma a lokacin da take aiki, wutarta birni take haskawa. Yawancin gidajen da ke gindinta da kyandir da fitilar kananzir suke kwana har cikin shekarun 1980.

Sannan aka raba unguwanni bisa yare: Zola da Emdeni ga Zulu da Xhosa, Naledi da Mapetla ga Sotho da Tswana, Chiawelo ga Benda da Tsonga. Dabarar kada kai ya haɗu ce. Ranar 16 ga Yuni 1976 'yan makaranta daga unguwannin nan suka fito tare, suka nufi Orlando, suna ƙin a koyar da su da Afrikaans, harshen farar fata masu mulki a lokacin. 'Yan sanda suka buɗe wuta. Cikin waɗanda aka kashe akwai Hector Pieterson, ɗan shekara 12.