Kafin ka gyara tsohuwar manhajar bincike da hannunka, ka leƙa facin Debian

Assalamu alaikum. Wannan bidiyon na ɗaliban digiri na biyu da na uku ne da malamansu masu aiki da Linux, musamman a jami'o'in Birnin Kebbi da Aliero da Gusau.

A ce kana nazarin ƙwayoyin gadon shinkafar da ake nomawa a fadamar Argungu. Maƙalar da ka dogara da ita ta yi aiki da wata manhaja da aka rubuta da yaren C tun shekaru goma sha da suka wuce. Ka sauko da rubutun tushenta daga shafin marubucin, ka buga make, umarnin haɗa manhaja, sai allo ya cika da kurakurai.

Sau da yawa manhajar tana nan yadda take, kayan haɗata ne suka sauya. GCC, wanda ke mayar da rubutun C zuwa abin da kwamfuta za ta iya gudanarwa, ya ƙara tsanani. A 2020, GCC 10 ya daina kawar da kai idan an ayyana abu ɗaya a fayiloli da yawa. A 2024, GCC 14 ya fara ƙin rubutun da ya kira wani aiki ba tare da an gabatar da shi tukuna ba. Python 2 ma an daina kula da shi tun 1 ga Janairun 2020. Shi kuwa marubucin ya gama digirinsa, ya kama wani aiki.

A nan ne nake jin tsoro. Ɗalibi zai zauna da dare, yana lissafin data da cajin batir, ya goge layi nan, ya sauya nau'in lamba can, har kurakuran su ɓace. Manhaja ta tashi, amma ba inda ya rubuta abin da ya taɓa. Ranar da malaminsa ya maimaita lissafin a tasa kwamfutar aka ga sakamako ya bambanta, wa zai ce ga inda gizo ke saƙa?

To, mai yiwuwa wani ya riga ya yi wannan gyara, a fili. Debian, wani nau'in Linux da Ian Murdock ya kafa a 1993, kuma Ubuntu ke ginuwa a kanta, tana da ƙungiyoyi irin su Debian Med da Debian Science masu kula da manhajojin bincike. Kuma ga yadda suke ajiye kayansu.

Kunna layukan deb-src, masu kai ka ga rubutun tushe, a jerin ma'ajiyarka, ka buga apt update, sannan apt source da sunan manhajar. Dubi abin da ya sauko a allo. Fayil mai ɗauke da kalmar orig shi ne rubutun marubucin. Wani fayil daban yana ɗauke da aikin Debian. Na uku, mai ƙarewa da dsc, shi ke bayyana su da lambobin tantancewa. Yanzu shiga jakar debian, ka buɗe patches. A mafi yawan ƙunshe-ƙunshen manhajojin Debian, kowane faci, wato gyaran da ake liƙa wa rubutun marubucin, fayil ne shi kaɗai, kuma fayil ɗin series yana nuna wanda ake fara liƙawa da mai bi masa. Buɗe guda ɗaya. Layin da ya fara da alamar ragi an cire shi, mai alamar tarawa an ƙara shi. A samansa galibi za ka ga dalilin gyaran, da inda ya fito, da ko an aika wa marubucin.

Daga nan apt build-dep zai kawo duk abin da ake buƙata don haɗawa, dpkg-buildpackage kuma ya haɗa. In kana da naka gyaran, ka mai da shi faci a ƙarshen series, kada ka cusa shi cikin rubutun asali.

Amma fa ka karanta facin da idonka. A 2006 an yi wa OpenSSL, manhajar ɓoye bayanai, wani gyara a Debian da ya raunana samar da lambobin sirri, ba a gano ba sai a watan Mayun 2008, lokacin da Luciano Bello ya bankaɗo shi. Masu kula da ƙunshi mutane ne. Saboda haka facin da ya gyara hanyar haɗawa kawai ka wuce shi da sauri, wanda ya taɓa lissafi kuwa ka tsaya a kansa, ka gwada manhajar da bayanan da ka san amsarsu. Wani lokaci kuma sigar da ke Debian ta fi wadda maƙalar ta ambata tsufa ko sabunta, sai ka duba lambar.

A babin hanyoyin bincikenka, rubuta cikakkiyar lambar sigar, har da abin da ke bayan alamar "-" ta ƙarshe a cikinta, domin shi ne lambar gyaran Debian. Rubuta kuma ko Debian 12 ce ta 2023 ko Debian 13 ta 2025. Ma'ajiyar snapshot ta Debian tana riƙe da tsoffin ƙunshe-ƙunshe tun daga 2005, don haka mai duba aikinka zai iya sauko da ainihin wanda ka yi aiki da shi. Kwafi fayilolin nan uku a filashi tare da bayananka, don ranar da intanet ta ƙi.