Me Ake Nufi da Kare Tsohon Ginin Banki?

Masu kallo, idan aka yi maganar gine-ginen tarihi a Bauchi, abin da ya fi zuwa zuciyar mutane shi ne Kabarin Tafawa Balewa, ko kuwa Gidan Madaki da ke Kafin Madaki, wanda shahararren magini Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19, aka kuma sanya shi cikin kayan tarihin ƙasa tun shekarar 1956. Ba kasafai ake tuna tsohon ginin banki da ke tsakiyar gari ba, alhali shi ma shaida ne na yadda harkar kuɗi ta sauya a ƙasar nan.

Bankin da yau muke kira First Bank ya soma aiki ne a Legas a 1894, a zamanin da kuɗin wuri ke yawo a kasuwanninmu. Daga baya rassan bankuna suka biyo hanyar kuza da gyaɗa da auduga, musamman bayan layin dogo ya ratsa Bauchi da Gombe har ya kai Maiduguri a 1964. A kan kantar irin waɗannan rassa aka ƙirga fam da sule da kwabo, har zuwa ranar 1 ga Janairun 1973 da naira ta karɓi ragama. Shi ya sa kaurin bangonsu, da ƙarafan tagoginsu, da ɗakin ajiya mai ƙofar ƙarfe, duk suke da labarin da za su bayar.

To, yaya kariyar take? Hukumar kula da gidajen tarihi da kayan tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ke sanar da aniyar ayyana gini a matsayin kayan tarihin ƙasa, ta ba mai shi damar bayyana ƙorafinsa, sannan shugaban ƙasa ya amince. Da zarar an ayyana shi, rushe shi ko sauya masa fasali ba tare da izinin hukumar ba laifi ne a doka.

A nan ne matsalar take, domin filin tsakiyar gari yana da tsada, bankunan zamani kuma sun fi son gilashi da na'urar cirar kuɗi, sai ka ga an lulluɓe fuskar tsohon gini da falankan alminiyum cikin mako guda. A ganinmu, kafin a kai ga hukumar tarayya, ya dace gwamnatin jiha ta fara tattara sunayen irin waɗannan gine-gine da hotunansu da shekarun da aka gina su.