Sharhi: Gafarar da Kirista Zai Gani a Fim ɗin Invictus

Masu sauraro, akwai masu bi da suke ganin cewa duk fim ɗin da bai ambaci sunan Yesu ba, babu abin da Kirista zai ƙaru da shi a ciki, kuma na fahimci tsoron da ya haifar da wannan ra'ayi. Sai dai ba haka Manzo Bulus ya ɗauki al'amarin ba. Da ya tsaya a Tudun Arasa cikin birnin Atina, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 17 ta nuna, maganar mawaƙan Helenawa ya ɗauko ya kafa hujja da ita, alhali mawaƙan nan ba su san Almasihu ba. Da ya rubuta wa ikilisiyar Koranti kuma, birnin da ake gasar wasanni kusa da shi duk bayan shekara biyu, da masu tsere da masu dambe ya yi musu misali. Da irin wannan ido nake so mu dubi Invictus, fim ɗin da Clint Eastwood ya ba da umarninsa, wanda ya fito a 2009.

Labarin na Afirka ta Kudu ne. Nelson Mandela ya fito daga kurkuku a 1990 bayan shekara 27, ya zama shugaban ƙasa a 1994, sannan a 1995 ƙasar ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya ta wasan zari-ruga. Ƙungiyar ƙasar, wato Springboks, a idon baƙar fata tambari ce ta mulkin wariyar launin fata, har ya kasance da yawansu abokan karawarta suke mara wa baya. A cikin fim ɗin, jami'an wasanni na sabuwar gwamnati sun yanke shawarar soke sunan ƙungiyar da launin rigarta, sai Mandela da kansa ya je ya roƙe su su janye, duk da ya san magoya bayansa za su ji haushi.

A nan nake so mu ɗan tsaya, domin a nan Kirista zai ji wata murya da ya sani. Mutumin da aka zalunta ne ya fara miƙa hannu, kuma ya miƙa shi a lokacin da iko yake hannunsa, lokacin da babu mai hana shi ramuwa. Bai jira an zo an roƙe shi ba. Ya riƙe fararen ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ya yarda jami'an tsaron tsohuwar gwamnati su shiga cikin masu tsaron lafiyarsa, ya gayyaci kyaftin ɗin Springboks, François Pienaar, zuwa ofishinsa. Wasiƙar Romawa sura 5 ta ce tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu, Afisawa sura 2 kuma ta ce ya rushe katangar gaba da ta raba mutane biyu. Ba ina daidaita Mandela da Almasihu ba ne, Allah ya kiyaye. Ina cewa ne duk inda wanda aka cuta ya riga macucin neman sulhu, wanda ya san labarin gicciye ba zai kasa gane kamannin ba. A ganina wurin da ya fi ratsa zuciya shi ne inda Pienaar ya shiga ɗan ƙaramin ɗakin kurkukun tsibirin Robben, inda Mandela ya shafe shekara 18, ya kasa gane yadda mutum zai fito daga nan da niyyar gafartawa.

Fim ɗin yana da tasa amsar, kuma a nan ne muka raba hanya da shi. Ya samo sunansa daga waƙar William Ernest Henley ta 1875, wadda a ƙarshenta mawaƙin ya ce shi ne mai iko da ƙaddararsa, shi ne jagoran ransa. Wato ƙarfin zuciyar ɗan Adam ne tushen komai. Bishara ba ta faɗi haka ba. A Matiyu sura 18, bawan da aka yafe wa bashin talanti 10,000, wato kuɗi masu ɗimbin yawa, ya shaƙe ɗan'uwansa a kan dinari 100 kacal, kuma laifinsa shi ne ya manta abin da aka yi masa. Ikon gafartawa a wurin mai bi yana fitowa ne daga sanin cewa shi ma mai bashi ne da aka yafe wa, saboda haka ko marar ƙarfin hali irin na Mandela yana da rabo a ciki.

Ranar 24 ga Yuni 1995, a filin Ellis Park na Johannesburg, Afirka ta Kudu ta doke New Zealand da maki 15 da 12 bayan ƙarin lokaci, Mandela kuma ya miƙa kofin sanye da rigar Springboks mai lamba 6. A nan fim ɗin ya tsaya, kamar an gama komai. Amma sai a 1996 Hukumar Gaskiya da Sasantawa, ƙarƙashin Akbishop Desmond Tutu, ta fara zama, inda iyaye mata suka ba da labarin 'ya'yansu da aka kashe, masu neman afuwa kuma aka gindaya musu sharaɗin bayyana dukan abin da suka aikata. Wannan ɓangaren na furta laifi da gyara ɓarna, wanda Zakka ya cika a Luka sura 19 sa'ad da ya yi alkawarin mayar da riɓi huɗu ga duk wanda ya cuta, fim ɗin bai nuna shi ba, kuma duk mai wa'azin da zai yi amfani da Invictus a gaban ikilisiya, wajibi ne ya ƙara shi da bakinsa.