Amsoshin Tambayoyinku: Linkin Park ta da da Linkin Park ta yanzu

Masu sauraro assalamu alaikum, barkanmu da war haka, barkanmu da sake saduwa a shirin Amsoshin Tambayoyinku. Yau wasiƙu uku ne a gabana, kuma duk ukun a kan abu guda suke, wato ƙungiyar mawaƙan nan ta Amurka da ake kira Linkin Park. Da gangan na tara su wuri ɗaya, don amsar kowace tana shiga cikin ta 'yar'uwarta.

Ta farko daga wani mai sauraronmu ce a Maraɗi. Ya ce: "Ranar wasan ƙarshe na gasar Zakarun Turai tsakanin PSG da Inter Milan, kafin a take leda an kawo wasu mawaƙa, a cikinsu da wata mace mai ƙarfin murya. A gidan kallonmu gardama ta kaure. Wasu suka ce su ne masu waƙoƙin nan da muke turawa a waya shekarun baya, wasu suka ce ina, ai waccan muryar ta namiji ce. Don Allah su wane ne?"

To Malam, kowane ɓangare da gaskiyarsa. Waɗanda ka gani a filin wasa na Munich ranar 31 ga Mayun 2025, daren da PSG ta zura wa Inter biyar ba ko ɗaya, Linkin Park ne. Muryar namijin da abokanka suke tunawa kuwa ta Chester Bennington ce, wanda ya rasu a 2017. Matar da ka gani sunanta Emily Armstrong, ita ce ke riƙe da wurinsa tun watan Satumban 2024.

Asalin ƙungiyar wasu abokai ne tun suna 'yan makaranta a yankin garin Agoura Hills na jihar Kalifoniya: Mike Shinoda, da Brad Delson mai kaɗa jita, da Rob Bourdon mai ganguna. A 1996 suka fara, da sunan Xero. Joe Hahn mai murza faifai da Dave Farrell suka shigo, sannan a 1999 Chester ya baro jihar Arizona ya same su. Abin da ya fitar da su daban shi ne haɗa abubuwa biyu da a lokacin ake ganin kowanne da mutanensa: kiɗan rok mai nauyin jita, da waƙar gambara ta zamani. Shinoda ya jero baituka da sauri, Chester ya karɓa da murya mai laushi kamar zai yi kuka, can kuma ya ɓarke da kururuwa. Kundinsu na farko, Hybrid Theory, ya fito a Oktoban 2000, kuma a 2001 babu kundin da ya kai shi ciniki a duk Amurka. Na biyu, Meteora, ya biyo baya a Maris ɗin 2003. Waƙoƙin da abokanka suke tunawa, irin su In the End da Numb, daga waɗannan biyun suka fito. Wasu kuma ta hanyar mawaƙin gambara Jay-Z suka san su, saboda aikin haɗin gwiwar da suka yi da shi a 2004.

Ni ma a gidan kallo na ga wasan nan. Yara matasa sai tsaki suke, suna cewa a ɗauke mana waɗannan a fara ƙwallo. Amma a bencin da ke gabana akwai wani magidanci, zai yi shekara arba'in, da hular sana'arsa a gwiwa. Da aka shiga tsohuwar waƙa sai na ga leɓɓansa suna motsi, yana bin ta kalma bayan kalma, bai ma san ana kallonsa ba. Da aka koma sabuwa sai ya sunkuya ya ci gaba da danna wayarsa.

Wannan magidancin shi ya kawo mu wasiƙa ta biyu, daga wata 'yar'uwa a Kaduna. Ta ce: "Ni da yayana kullum muna musu. Shi ya ce Linkin Park ta mutu tun 2007, duk abin da suka yi bayan nan shirme ne. Ni kuma waƙoƙinsu masu sanyi na baya-bayan nan sun fi shiga raina. Me ya faru a 2007, kuma wa ya fi gaskiya a cikinmu?"

'Yar'uwa, yayanki ba shi kaɗai ba ne, yana da jama'a a duk faɗin duniya, kuma shekarar da ya ambata ba da ka ya faɗe ta ba. A 2007 ne suka fitar da kundi na uku, Minutes to Midnight, tare da shahararren mai tsara sautin nan Rick Rubin, suka kuma ajiye salon da aka san su da shi da gangan. Gambarar Shinoda ta ragu ƙwarai, murza faifan Joe Hahn ya ja baya, waƙoƙi masu tafiya a hankali suka yawaita. Har zagi ya shigo bakinsu, alhali kundi biyun farko babu ashar a cikinsu. Masoyan farko suka ji kamar an sauya musu tuwo da shayi. Duk da haka kundin ya hau matsayi na ɗaya a Amurka da Birtaniya, kuma waƙar What I've Done ta zagaya duniya ta cikin fim ɗin Transformers, ta jawo musu sababbin masoya da ba su ma san Hybrid Theory ba. Tun daga nan gidan ya rabu biyu.

A 2010 suka ƙara nisa da A Thousand Suns. Wannan kundi ne da aka gina shi kan tsoron yaƙin nukiliya, da sautin na'ura mai yawa, har da muryoyin Robert Oppenheimer, masanin da ya jagoranci ƙera bam ɗin nukiliya na farko, da Martin Luther King a tsakanin waƙoƙi. Ba a yi shi don a tsinci waƙa ɗaya a saurara ba, sai dai a zauna a ji shi daga farko har ƙarshe. Da ya fito an yi masa ca. Yau kuwa, idan kika zauna da waɗanda suka daɗe suna bin ƙungiyar, za ki samu da yawa suna cewa shi ne aikin da suka fi zuba basira a ciki. Ni ma ina cikin masu wannan ra'ayi, kuma ina cikin waɗanda suka ƙi shi da farko. Sai da na yi wata doguwar tafiyar dare a mota, ba abin saurare sai shi, sannan na gane abin da suke nufi.

Ga wani abu da za ki ajiye wa yayanki. Shekara da shekaru masoyan farko suna kukan a dawo musu da nauyin jita da kururuwa. A 2014 aka ba su, a kundin The Hunting Party, wanda Shinoda da Delson suka tsara da kansu, mai zafi daga sama har ƙasa. Sai ya tsaya a matsayi na uku a Amurka, bayan kundi huɗu a jere da suka hau na ɗaya. Masu kukan ba su fito sun saya kamar yadda suka yi kuka ba. Wannan ya sa nake ganin ba nauyin jita kaɗai yayanki yake nema ba. Yana neman yadda ya ji ne a ranar da ya fara jin Numb, yana saurayi, ransa cike da abin da ba ya iya faɗa wa kowa a gida, sai ga wani daga wata duniya yana faɗa masa shi da ƙarfi. Babu kundin da zai sake ba shi wannan, ko da Chester yana raye.

Amma kada ki ce na ba ki gaskiya duka. Kundi biyun farko suna da wani abu da na baya ba su da shi. Kowannensu bai kai minti arba'in ba, babu waƙar cike gurbi, kuma musayar da ke tsakanin Shinoda da Chester, wannan ya ajiye wancan ya ɗauka, ita ce tambarin ƙungiyar. Duk lokacin da suka rage ta, sukan yi kama da wasu mawaƙan da dama. A nan yayanki ya fi ki hujja.

Inda abin ya yi muni shi ne 2017. A watan Mayu suka saki One More Light, kundi mai sanyi irin wanda kike so, wanda ya fi kusa da waƙoƙin rediyo na yau da kullum. Aka zarge su da sayar da kansu don kuɗi. Chester ya ji zafin wannan zargi, ya mayar da martani da kakkausan harshe a hirarraki, yana cewa mutane su bar zancen Hybrid Theory haka nan su matsa gaba. A watan Yuni, a bikin kiɗa na Hellfest da ake yi a Faransa, 'yan kallo suka yi musu ihu suna cikin rera waƙar Heavy, har aka yi jifa. Ranar 20 ga Yuli Chester ya hallaka kansa a gidansa a Kalifoniya, yana da shekara 41, wata biyu bayan rasuwar amininsa mawaƙi Chris Cornell. Ina roƙo kada kowa ya ɗauki maganata da cewa masu suka ne sanadi. Mutumin ya daɗe yana faɗa da bakinsa cewa yana fama da ciwon damuwa, da shaye-shaye, da tabon cin zarafin da aka yi masa yana yaro. Abin da nake so ki lura da shi kawai shi ne, bayan rasuwarsa mutane suka koma wa kundin da suka yi wa dariya, suka saurari kalmomin, suka tarar mutum ne yake bayyana nauyin da ke kansa ƙarara, ba tare da kururuwar da ta saba rufe shi ba. Waƙar da kundin ya ci sunanta ta zama wadda ake rerawa a wuraren tunawa da shi. Ni har yau ba na iya jin ta in ci gaba da abin da nake yi.

Wasiƙa ta uku gajeriya ce, daga wani ɗan'uwa a zangon Kumasi. Ya ce: "Tunda mai muryar ya mutu, ya dace su ci gaba da amfani da sunan? Ina son in ji ra'ayinka kai kanka, ba na wasu ba."

Ɗan'uwa, bari in fara ba ka yadda aka yi. Bayan taron tunawa da Chester da suka yi a dandalin Hollywood Bowl na Los Angeles a Oktoban 2017, sun yi shekara bakwai ba su hau dandali da sunan ƙungiyar ba. A 2023 suka fito da wata waƙa mai suna Lost, wadda aka ɗauka da muryarsa tun zamanin Meteora aka ajiye, jama'a kuwa suka rungume ta hannu bibbiyu. Ranar 5 ga Satumban 2024 suka bayyana da Emily Armstrong, wadda ta daɗe tana jagorantar wata ƙungiya a Los Angeles mai suna Dead Sara, da sabon mai ganguna Colin Brittain, domin Rob Bourdon ya zaɓi ya tsaya. Brad Delson yana nan a aikin ɗaukar waƙa, amma ya daina bin su yawon wasa. Sabon kundin, From Zero, ya fito ranar 15 ga Nuwamban 2024, kuma sunan yana nuni ne ga Xero, sunansu na farko. Ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya da Jamus, na biyu a Amurka.

Ba a karɓi Emily salin alin ba. An taso ta a gaba kan alaƙarta da cocin Scientology, da kuma halartar zaman kotu da ta taɓa yi don mara wa ɗan wasan kwaikwayo Danny Masterson baya, wanda daga baya aka same shi da laifin fyaɗe. Ta fito ta ce ta yi kuskure a kansa, kuma ta yanke hulɗa da shi. Mahaifiyar Chester da ɗaya daga cikin 'ya'yansa su ma sun nuna ɓacin ransu a fili, mahaifiyar tana cewa ba a sanar da ita ba sai ji ta yi. Wannan ƙorafi nata ina ganin yana da nauyi, kuma da an kyauta an kira ta tun kafin duniya ta ji.

Ra'ayina kuwa, tunda shi ka nema: sun cancanci su ci gaba da sunan. Shinoda da Delson ne suka kafa gidan tun kafin Chester ya zo, kuma da hannunsu aka rubuta waƙoƙin nan. Mu ma a nan mun san wannan, in babban makaɗi ya rasu ba a fasa ganguna, ɗansa ko babban ɗan amshinsa ne yake gadon kiɗan, jama'a su yi ta cewa bai kai marigayi ba, kuma sau da yawa gaskiya suka faɗa, amma a ci gaba da gayyatarsa. Na kuma ji daɗin da ba su nemo namiji mai kwaikwayon muryar Chester ba. Da sun yi haka da abin ya zama wasan kwaikwayo, da cin fuska ga mamaci. Emily da tata muryar ta zo, har sai da aka sauya amon wasu tsoffin waƙoƙin don su dace da maƙogwaronta.

Inda nake tare da masu ƙorafi shi ne a nan: in tana rera sababbin, kamar The Emptiness Machine, ina jin ta sosai, musayar nan da Shinoda ta dawo, jitar ma ta dawo. In ta shiga Crawling kuwa, waƙar da Chester ya zuba faɗansa da shaye-shaye a cikinta, wadda ta ba su kyautar Grammy ta farko a 2002, sai in ji kamar ana karanta mini wasiƙar wani da muryar wani. Ba laifinta ba ne, kuma tana rera ta da girmamawa. A wuraren wasansu takan miƙa wa 'yan kallo makirufo a irin waɗannan gaɓoɓi, dubban mutane su rera a madadinsa, kuma a ganina a nan ne tsoffin waƙoƙin suka fi zama daidai yanzu.

'Yar'uwa ta Kaduna, ki ba yayanki From Zero ya saurara, ki fara masa da Heavy Is the Crown, sannan ki rubuto mana abin da ya ce. Lokaci ya cim mana, sauran wasiƙun sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.