Amsoshin Tambayoyinku: Iskar da ke riga ruwan sama isowa

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako yawancinsu a kan ruwa suka tsaya, wato hadari da iskar da kan rutsa da masu hawa jirgi ko kwale-kwale don shaƙatawa.

Za mu fara da wani mai sauraronmu daga Yawuri a Jihar Kebbi. Ya ce sun fita shan iska a kan ruwa da la'asar shi da abokansa, gari garau, ruwa kwance luf, kafin su ankara iska ta taso har kwale-kwalen ya fara ɗibar ruwa. Allah ya kiyaye suka kai gaɓa. Tambayarsa ita ce, daga ina irin wannan iska take fitowa ba sallama?

To Malam, barka da arziki. Iskar nan daga cikin hadarin take saukowa. Idan rana ta gasa ƙasa, iska mai zafi da laima kan tashi sama ta haɗa gajimare mai tsayi, wanda a ƙasashenmu kan haura kilomita 12. Idan ruwa ya fara zuba daga cikinsa, sai ya ratsa busasshiyar iskar da ke ƙarƙashi, wani sashe nasa ya ƙafe tun bai taɓa ƙasa ba. Ƙafewar nan tana sanyaya iskar, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Iska mai sanyi kuwa nauyi gare ta, sai ta rikito ƙasa da ƙarfi. Da ta bugi ƙasa ko fuskar ruwa ba ta da wajen zuwa, sai ta bazu gefe, kamar an kife bokitin ruwa a kan siminti. Ita ce ke tsere wa hadarin ta riga shi isowa, wani lokaci da kilomitoci masu yawa. Shi ya sa za ka ga rana a kanka, amma iska na neman kifar da kai. A tudu mun san ta sarai, ita ce holoƙon da ke tayar da jar ƙura yana kwashe rufin kwano a farkon damina.

A yankinmu irin wannan hadari yakan jeru ne ya taso daga gabas ya nufi yamma, yana tafiyar kusan kilomita 50 a awa guda. Ya fi tsanani a faɗuwar damina da kuma ɗaukewarta, ba a tsakiyar marka ba. Yanzu mu yi ɗan lissafi. A ce ka hango baƙin hadari a nisan kilomita 15. Minti 18 ke nan ya iso kanka. Mai tuƙi da filafili, in ya dage, kilomita 5 yake ci a awa, wato kilomita ɗaya da rabi kawai zai yi a wannan lokaci. Tafkin Kainji kuwa, wanda ya samu bayan kammala madatsar a 1968, akwai wurin da faɗinsa ya haura kilomita 20. Gwargwadon filin da iska ta samu tana gudu a kan ruwa, gwargwadon girman igiyar da za ta tayar. Ga kuma kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, waɗanda matuƙi kan kauce musu in ruwa na kwance, amma ba ya ganinsu in ya hargitse.

Inda zan ɗan saɓa maka, Malam, shi ne batun rashin sallama. Tana yin sallama. Wannan luf ɗin da ka ga ruwa ya yi, da gumin da ke tsatstsafo wa mutum iska ta ɗauke cak, ai sallamar ke nan. Ka tambayi tsofaffin masunta, ka ga ko akwai wanda zai tura jirginsa tsakiyar ruwa da la'asar ɗin bazara alhali gabas ta fara duhu.

Sai wasiƙa ta biyu, daga wata baiwar Allah a Abuja. Ta ce takan kai 'ya'yanta tafkin Jabi su hau jirgi lokacin hutu, kuma kullum sai ta duba hasashen yanayi a wayarta kafin su fita. Shin wannan ya wadatar?

Hajiya, kin yi dabara, amma bai wadatar ba. Hasashen da ke waya, har da wanda NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, ke fitarwa, yana iya gaya miki cewa yau akwai yiwuwar hadari da yamma a yankin Abuja. Abin da ke da wuya shi ne ya ce miki ƙarfe kaza zai sauka a kan Jabi, domin gajimaren tsawa guda ɗaya kan haɗu ya zubar da ruwansa ya watse cikin awa guda ko ƙasa da haka. Saboda haka ki duba wayar da safe, in kin isa bakin ruwa kuma ki ɗaga kai ki dubi gabas. Idan kin ga gajimare ya yi toroƙo samansa ya baje kamar maƙera, ko ƙasansa ya yi baƙi ƙirin, ko kin ji wata iska mai sanyi da ƙamshin ƙasa ta buso, to a haƙura da hawan, ko da an riga an biya kuɗi. Yara za su yi kuka, a saya musu alewa.

Akwai kuma lissafin walƙiya. Haske nan take yake isowa, amma ƙara sai ta ɗauki kusan daƙiƙa 3 kafin ta ci kilomita guda. In kin ga walƙiya ki fara ƙirga. Idan tsawar ta zo kafin ki kai 30, hadarin bai wuce kilomita 10 da ku ba, kuma aradu na iya faɗuwa daga wannan nisa. A kan ruwa babu bishiya babu gini, jirgin da mutanen cikinsa su ne abu mafi tsayi. Ni dai a ganina da an ji tsawa, ko ba a ƙirga ba, a juyo. A kuma jira rabin awa bayan tsawar ƙarshe kafin a koma. Safiya ta fi la'asar aminci a watannin damina, tunda zafin rana ne ke dafa hadarin. Amma ba ko'ina haka yake ba. A tafkin Victoria na gabashin Afirka da dare hadari ya fi haɗuwa a tsakiyar ruwa, daidai lokacin da masunta ke bakin aiki.

Wani mai sauraro daga Maraɗi a Jamhuriyar Nijar ya ce shi bai yarda iska na iya kifar da babban jirgi na zamani ba, wannan matsalar kwale-kwalen katako ce kawai.

Ɗan'uwa, da ma haka ne. A daren 19 ga Agustan 2024, gab da asuba, wani jirgin alfarma mai suna Bayesian, tsawonsa mita 56, yana tsaye ya jefa anga a kusa da Porticello da ke tsibirin Sisili na Italiya. Iskar hadari ta buge shi ta kwantar da shi gefe guda, ruwa ya shiga, ya nitse. Cikin mutum 22 da ke ciki, 7 suka rasu, har da attajirin Birtaniya Mike Lynch da 'yarsa. Wannan jirgi ne mai ƙwararrun ma'aikata da na'urori iri-iri.

Wanda ya fi kama da halinmu shi ne na tafkin Table Rock a jihar Missouri ta Amurka, ranar 19 ga Yulin 2018. Jirgin 'yan yawon buɗe ido ne ɗauke da mutum 31. Hukumar yanayi ta fitar da gargaɗin hadari mai tsanani fiye da minti 20 kafin jirgin ya shiga ruwa, amma da yake tafkin na kwance a lokacin, aka shiga. Mutum 17 suka rasu, 9 daga ciki 'yan gida ɗaya. Rigunan kariya na cikin jirgin, amma fasinjojin ba su sa ba, kuma rumfar da ke saman jirgin ta ƙara wahalar fita. Abin lura a nan, labarin hadarin ya iso kafin hadarin kansa, kwanciyar ruwan ce ta yaudari mutane.

Ta ƙarshe daga wani matashi ne a Kano, wanda ya ce sukan je madatsar Tiga da abokai. Idan duk da haka iska ta rutsa da mutum a tsakiyar ruwa, me zai yi? Ya ƙara da cewa shi gwanin ninƙaya ne, don haka bai ga amfanin rigar kariya ba.

Samari, ninƙaya a ruwan da ke kwance daban, ninƙaya da kaya a jiki igiyar ruwa na marin fuskarka, wani kuma ya riƙe maka wuya, daban. Rigar tun daga gaɓa ake ɗaura ta, domin in jirgi ya fara tangaɗi babu hannun ɗaurawa. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta wajabta sa ta, ta kuma hana tafiyar dare.

In iska ta same ku, kowa ya zauna a ƙasan jirgi wajen tsakiya, kada a miƙe, kada a ruga gefe guda. Sau da yawa firgicin fasinja ne ke ƙarasa abin da iska ta fara. Matuƙi ya rage gudu, ya juya goshin jirgin ya fuskanci igiyar ruwa a ɗan karkace, kada ya bari ta buge shi a haƙarƙari. In akwai rumfa ko tamfol a sauke, don iska na kama su. Wani ya ɗauki ƙwarya ko galan ya riƙa kwarfe ruwa tun bai taru ba. A nufi gaɓar da ta fi kusa, ko da ba inda aka ajiye mota ba ne. In kuwa jirgin ya kife amma bai nitse ba, a riƙe shi, domin masu ceto sun fi saurin hango jirgi a kan su hango kan mutum. Mafi tsananin iskar yawanci ba ta daɗewa, takan lafa bayan ruwa ya sauka sosai.

Akwai wata tambaya daga Lokoja a kan hazon hunturu da yadda yake ɓatar da matuƙa a kogin Kwara. Lokaci ya ƙure mana, ita za mu fara ɗauka mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.