Bodh Gaya: Bishiyar da Mabiya Buddha Ke Ketare Ƙasashe Don Zama a Inuwarta

Ku dubi mutumin nan da ke gaban allo na katako. Ya miƙe tsaye, ya haɗa tafin hannayensa, ya zube rub da ciki, ya tashi ya sake. Tun asuba yake yi. Daga Tibet ya zo, kuma wasu irinsa sai sun cika faɗuwa dubu ɗari kafin su koma gida. Katakon har ya yi sulɓi saboda gugar hannu.

Masu kallo, nan Bodh Gaya ne, a jihar Bihar ta Indiya, kimanin kilomita 100 kudu da birnin Patna. Mabiya addinin Buddha suna da wuraren ziyara huɗu manya: Lumbini a Nepal inda aka haifi Buddha, Sarnath inda ya fara wa'azi, Kushinagar inda ya rasu, sai kuma nan. A cikin huɗun, nan ne suka fi girmamawa.

Me ya sa? Labarin ya faro ne daga wani ɗan sarki mai suna Siddhartha Gautama, ɗan ƙabilar Shakya, kusan shekara 2,500 da suka wuce. A ruwayar mabiyansa, yana da shekara 29 ya bar fada da matarsa da ɗansa, saboda tambaya guda ta hana shi sukuni: tsufa da ciwo da mutuwa, ina mafitar ɗan Adam daga wannan wahala? Ya yi shekara shida yana azabtar da jikinsa da yunwa har ya zama ƙashi da fata, bai samu amsa ba. Sai wata baiwar Allah 'yar ƙauye, Sujata, ta ba shi shinkafa da madara. Ya ci, ƙarfi ya dawo, ya je gindin wata bishiya kusa da kogin Niranjana ya zauna, ya ɗau alkawarin ba zai tashi ba sai ya gane.

Bishiyar ana ce mata pipal a Indiya, 'yar'uwar cediya da ɓaure ce. A aƙidarsu, a daren nan Mara, wato mai ruɗar zukata, ya zo masa da tsoro da sha'awa, har ya ce masa wa zai yi maka shaida? Siddhartha ya miƙa hannun dama ya taɓa ƙasa, wato ita ce shaidarsa. Shi ya sa babban mutum-mutuminsa da ke cikin haikalin Mahabodhi na wannan wuri yake zaune da yatsunsa a ƙasa. Kafin gari ya waye, in ji su, ya farka daga duhun jahilci, ya gane tushen wahala shi ne kwaɗayin zuciya, kuma akwai hanyar kashe shi. Kalmar Buddha ma'anarta ke nan: wanda ya farka.

A nan ne nake ganin sirrin wurin yake. Babu kabarinsa a Bodh Gaya. Abin da ke akwai shi ne inda mutum ya zauna. Mabiyansa sun yi imani cewa ɗan Adam ne ya kai wannan matsayi da ƙoƙarin kansa, saboda haka wani ma zai iya bin sawunsa. Don haka mafi yawan abin da maziyarci ke yi a nan shi ne zama. Za ka ga ɗan Thailand cikin mayafi ruwan goro, ga 'yar Sri Lanka cikin fararen kaya, kowa ya lanƙwashe ƙafa ya runtse ido, kowa da harshen da yake karatunsa.

Ruwayar ta ce ya yi mako bakwai a kewayen bishiyar, kuma kowane mako yana da alamarsa a harabar. Akwai wata doguwar dakali da aka sassaƙa furannin bado a kanta, inda aka ce ya yi ta kai da komo a mako na uku.

Sarki Ashoka ya ziyarci wurin a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma ana danganta masa shimfiɗar dutsen da ke nuna ainihin mazaunin, wadda ake kira Vajrasana. 'Yarsa Sanghamitta ta kai reshen bishiyar Anuradhapura a Sri Lanka, inda har yau take raye. Haikalin Mahabodhi da kuke gani, mai tsawon sama da mita 50, ginin tubali ne na wajen ƙarni na 5 zuwa na 6, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2002.

Bishiyar yanzu ba ita ce ta farko ba. An sare ta a tarihi, guguwa kuma ta kayar da wata a 1876. Ta yau daga zuriyarta ce.

Wurin bai rasa ciwonsa ba. Bayan addinin Buddha ya ja baya a Indiya, haikalin ya koma hannun wani shugaban addinin Hindu. A 1891 Anagarika Dharmapala, ɗan Sri Lanka, ya fara fafutukar karɓo shi. Dokar 1949 ta raba kwamitin kula da shi, Hindu huɗu, mabiya Buddha huɗu, da shugaban gundumar Gaya a kansu. Har a 2025 'yan zuhudun Buddha sun yi zanga-zangar neman a miƙa musu shi gaba ɗaya.

Yanzu ku lura da waɗannan da ke zaune a ƙarƙashin rassan. An hana kowa tsinkar ganyen bishiyar, don haka sai jira. Da iska ta kaɗo ganye ɗaya, mai siffar zuciya da dogon wutsiya, wanda ya faɗo kusa da shi zai ɗauka da hannu biyu, ya dafa shi a goshi, ya adana a tsakanin shafukan littafinsa ya tafi da shi gida.