Tarakta ba direba, da tambayoyin Kawu a Mile 12

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da asuba. Ku yi haƙuri da hayaniyar nan, kasuwar Mile 12 ce a Legas, kuma wanda ya san ta ya san ba ta yin shiru. Bari in juya kyamara ku gani. Waccan tirelar da ake saukewa tumatur ne daga Kura ta jihar Kano. Wancan mai jar hular da ke tsaye da littafi kawuna ne, shi ya riƙe ni tun da na baro Maraɗi.

Daren jiya ƙanena ya turo mini bidiyo daga gida, ya ce, "Yaya, wannan gaskiya ne ko haɗi ne?" Wata koriyar tarakta ce tana kaftu, kujerar direba wayam, sitiyari na juya kansa. Gaskiya ne. Kamfanin John Deere na Amurka ne ya nuna ta a Las Vegas a watan Janairun 2022, ana kiran ta 8R. Ba tsafi a ciki. Tauraron ɗan'adam ne ke gaya mata inda take, irin yadda wayarka ke nuna maka hanya. Sai dai ta waya takan kauce da taku da yawa, ita kuwa ana gyara mata lissafi har kuskurenta bai wuce faɗin yatsu biyu ba. Tana da kyamarori 12 kewaye da ita. Mai gona zai kai ta, ya nuna mata iyakar gona a taswira, ya danna waya ya kama gabansa. In ta ga abin da ba ta gane ba a gabanta sai ta tsaya cik, ta aika masa saƙo.

Tun kafin nan ma, a 2017, masu bincike a jami'ar Harper Adams ta Ingila sun noma hekta guda ta sha'ir, daga shuka har girbi, ƙafar mutum ba ta taka cikin gonar ba.

To, ɗazu muna shan shayi na miƙa wa Kawu wayar. Ya kalla har ƙarshe, ya sake kallo, sannan ya ce, "Ɗana, in ta iso gawon nan na tsakiyar gonar babanka fa?" Na ce za ta kewaye, in an sa mata shi a taswira. "In akuya ta gifta?" Na ce ta tsaya. "In yarinya ta kawo fura?" Na ce ta tsaya, Kawu. Ya miƙo mini wayata ya ce, "Ashe wuni za ta yi a tsaye."

Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini. An ƙera abin nan ne don gonar da ido ba ya ganin ƙarshenta, shuka iri ɗaya, layi miƙe kamar an ja zare. Tamu fa? Gero ne da wake a kunya ɗaya, ga gyaɗa a gefe, ga kututture, ga gidan tururuwa. Iyakarmu da maƙwabci tushen gamba ne da wani dutse da kakanni suka ajiye, kuma duk rabon gado sai gonar ta ƙara tsukewa. A Japan ma gonakinsu ba su da girma, kuma kamfanoni irin su Kubota da Yanmar na sayar da tarakta mai tuƙa kanta, amma su manomansu ne suka tsufa, yawanci sun haura shekara 65, matasa sun koma birni. Mu hannu ba shi muka rasa ba. Ku dubi samarin nan da ke bayana, da yawansu ruwan farko na sauka za su cika mota su koma gida noma. Abin da ƙauyenmu bai samu ba shi ne tarakta mai direban ma. Shi ya sa tsarin Hello Tractor, wanda aka fara a nan Najeriya a 2014, ya fi kama da mu: manoma su yi odar tarakta ta waya a zo a yi musu aiki su biya, mai ita kuma yana ganin inda take.

Wadda ta ɗan ba ni sha'awa ita ce wata ƙaramar na'ura mai tuƙa kanta, mai kamar baro da taya huɗu. A gonakin inabi na Amurka tana bin masu tsinka, a ɗora mata kaya ta kai rumfa ta dawo da kanta. Bari in matso ku ga dalili. Kun ga yaron nan? Kwando ne a kan gammo, ruwan tumatur na bin wuyansa har cikin riga. Na ƙasan kwandon duk ya farfashe, shi ne Yarbawa ke kira esha, a arha za a sayar da shi, asarar kuma ta manomin Kura ce. Sai na ce da irin baron nan ne da akwatunan roba, da an rage ɓarna. Amma ku kalli ƙasa. Caɓi ne har idon sawu, ga ɓawon albasa, ga mai babur ya kutso ta inda ba hanya. Taku uku ba za ta yi ba. Yaron kuma da kwando ake biyansa, da shi yake aika wa mahaifiyarsa kuɗin cefane.

Ga Kawu can yana ɗaga mini littafi, an fara ƙirgar kwanduna, in na makara yau ba zan sha da daɗi ba. Ƙanena, ka ji amsarka, ba haɗi ba ne. Ka gaida Inna, ka ce mata kuɗin huɗa na tafe ranar Juma'a in Allah ya yarda. A kama mai shanun nan da wuri, kada a yi irin ta bara da muka zo ƙarshen layi.